Gurbi Ɗaya, Ni ko Mujitaba

Ranar Alhamis da hantsi saƙon ya shigo, ina tsakar gida ina taya Inna ɓarar masara. Wayata tana jingine a kan kifaffen turmi, don nan ne kawai sabis yake kamawa a gidanmu. Na goge hannuna da gefen zani na ɗauka. Gajeren saƙo ne da Turanci: sun gode da zuwana intabiyu, sun ɗauke ni aiki, za a kira ni an jima.

Na karanta, na sake karantawa, sannan na kife wayar na koma kan masarata. Inna ta tambaye ni wane ne, na ce mata masu talla ne.

Na san abin da kuke cewa a ranku. Wace irin yarinya ce za a ba ta aiki a wannan zamanin ta kife waya? Ku yi haƙuri ku biyo ni a hankali. Sunana Rufaida, 'yar Malam Abdussalami ta Ƙafin Maiyaki, shekaruna ashirin da huɗu. Aikin da aka ba ni kuwa, mutumin da nake shirin aura ne ya nemo tallarsa, ya fi ni buƙatarsa nesa ba kusa ba, kuma gurbin guda ɗaya ne.

Mujitaba yana zaman wani shago a Kwanar Dangora, gefen masu rake, inda ake buga takardu, a ɗauki hoton fasfo, a yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Lokacin ina difloma a Kano, in na sauka daga mota nakan tsaya wajensa in buga aikin makaranta kafin in hau babur zuwa gida. Wata rana na hango baƙin allo a kwamfutarsa cike da rubutu kala-kala, ba Turanci ba, ba lissafi ba. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce shafin yanar gizo yake gina wa wata makaranta a Tudun Wada. Ya ce in zuba ido. Ya goge kalma ɗaya ya rubuta wata, ya danna, sai ga maɓallin da yake shuɗi ya koma kore. Wallahi ban san me ya taɓa ni a ɗan wannan abin ba, amma har na je gida ina tunaninsa. Maɓallin nake nufi, ba mutumin ba. Tunanin mutumin daga baya ya zo.

Shi ya fara fahimtar da ni cewa kowane shafi yana da gaba da baya. Gaba shi ne abin da idonka yake gani yatsanka yake taɓawa. Baya shi ne inda ake karɓar abin da ka rubuta, a tantance, a adana a rumbun bayanai, a hana wanda bai kamata ba ya gani. Ya ce yanzu ba mai fara wannan gini daga haƙar ƙasa. Akwai abin da ake kira firemwok, wato ginin da wasu suka riga suka kafa wa ginshiƙai, kai sai dai ka yanka ɗakunanka yadda kake so. A ɓangaren gaba ya lissafa min React da Vue da Angular, a ɓangaren baya Laravel da Django da wasu da na manta a lokacin.

Shi kam mutumin Laravel ne. Yadda wasu samari suke kare ƙungiyar ƙwallonsu a majalisa, haka yake kare Laravel a zauren WhatsApp na masu wannan sana'a. Kuma tun kafin ya furta min kalmar so, ya riga ya tsara mana rayuwa. Wata yamma yana nuna min yadda ake jera hotuna a shafi, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

“Ke ki riƙe gaba da Vue, ni in riƙe baya da Laravel. Suna tafiya tare sosai. Sai mu buɗe namu wurin.”

Na ce masa wurin wa da wa? Ya yi murmushi ya ci gaba da danne-dannensa. In kuna neman ranar da Mujitaba ya fara neman aurena, to wannan ce.

Ya ara min tsohuwar kwamfutarsa wadda batirinta ba ya riƙe wuta sai an jona, na riƙa aiki da ita da rana lokacin da 'yar solar gidanmu take da ƙarfi. Na koyi Vue kamar yadda ya ce. Sai dai ni mutum ce mai leƙe-leƙe. Na lura yawancin tallar aikin da ake turowa zauren nan React suke nema, na koye ta. Ya ce yayi ne, zai wuce. Daga nan na tuna an ɗan koya mana yaren kwamfuta na Python a makaranta, kuma na ji an ce Django da ita aka gina ta, sai na ce bari in leƙa baya in ga me ake ɓoyewa. Ashe can ne gidana. Na fi jin daɗin zama ina tsara wane bayani ne zai zauna kusa da wane, wa zai iya gogewa, wa zai gani kawai, fiye da gyara launin maɓalli. Ranar da na nuna masa ƙaramin abin da na haɗa da Django, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya ya ce na fara haura katanga. Daga ranar ya raɗa min Injiniya. Bai yi fushi ba, gaskiya. Amma bai sake tambayata inda na kai ba.

Bara bayan babbar salla magabatansa suka zo daga Yako. Baba manomi ne, da yamma kuma yana karantarwa a Islamiyyar unguwarmu, mutum ne da ba ya son kayan ƙarya. Bai yi maganar lefe ba, bai yi maganar gida ba. Sharaɗi ɗaya ya sa kafin a tsayar da rana: Mujitaba ya samu abin yi tsayayye wanda zai riƙe iyali. Shagon Kwana ba nasa ba ne, na kawunsa Bala ne, kuma kowa ya san kasuwar ta mutu tunda yara suka iya yin komai a wayoyinsu. Aikin shafi kuwa yau akwai, sai a yi wata da watanni babu.

Kada ku ga laifin Baba. Dalilinsa yana kwana a ɗakina. Yaya Hasana, wadda nake bi, an aurar da ita ga mai digiri da aka yi wa alkawarin aiki. Alkawarin bai cika ba. Ba faɗa, ba saki, mijin dai ya tafi Kudu neman abin yi, ita kuma ta dawo gida da goyo. Da farko yana kira kullum, yanzu sai an yi sa'a. Duk sanda Baba ya shigo ya gan ta tana wanke kayan 'yarta a bakin rijiya, sai ya kawar da kai ya wuce turakarsa.

To a cikin wannan hali ne tallar ta fito. Wani kamfani a Kano da yake yi wa masu shagunan taki da iri manhajar lura da kaya yana neman mutum ɗaya a ɓangaren baya. Mujitaba ya zo gidanmu da murnarsa, ko gaisuwa bai gama ba ya miƙo min waya. Shi da bakinsa ya ce ni ma in nema, ko don in ga yadda ake jarrabawa, wata rana zai yi min amfani. Aikin gwajin da suka bayar shi ne a gina ƙaramin shafi da mai shago zai shigar da ciniki ko da sabis ya ɗauke, kowa ya yi da firemwok ɗin da ya fi iyawa. Ya yi nasa da Laravel. Na yi nawa da Django a baya, React a gaba.

Mota ɗaya muka shiga ranar intabiyu. Ya ɗinka sabuwar shadda ruwan toka, ya kafa hula, sai ƙamshi yake. Ni doguwar rigar atamfa na sa da hijabi ruwan ƙasa, da takalmin Yaya Hasana wanda ya ɗan matse ni. Da aka kira ni ciki, shugaban ɓangaren ya gama duba aikina sai ya ce tsohon tsarinsu a kan Laravel yake, amma yanzu suna kwashe komai suna komawa Django, saboda waɗanda suka haɗa gwiwa da su da Python suke aiki. A hanyar dawowa Mujitaba ya saya mana gurasa, yana ta hira. Ya ce shi ma sun gaya masa zancen ƙaurar, amma ai kafin su gama sai sun nemi mai riƙe musu tsohon, kuma wa ya san Laravel kamar sa? Na ce haka ne. Na juya ina kallon gonakin dawa ta taga har muka zo Kwana.

Yanzu kun gane me ya sa na kife waya.

Bayan azahar kiran ya shigo. Wata ce mai suna Zainab daga ofishin ɗaukar ma'aikata, muryarta a natse. Ta yi min murna, ta ce aikin sai an zauna a Kano, ba daga gida ake yi ba. Sannan ta ƙara da abin da ban tambaye ta ba.

“Ku biyu kuka kai ƙarshe, kuma dukanku daga ƙaramar hukumar Kiru, har mamaki muka yi. Aikinku kusan ɗaya ne, Django ce ta raba. In kin ga ba za ki samu zuwa ba, ki sanar da ni kafin azahar ɗin Litinin, sai mu kira ɗayan.”

Ba ta faɗi suna ba, ni ma ban nema ba.

Ina juyowa na ga Inna tsaye a ƙofar madafi da ludayi a hannu. Ba sauran zancen masu talla. Na zauna na gaya mata komai. Ta saurare ni har na gama, ta koma ta rage wutar murhu, sannan ta dawo ta zauna a gefena a kan tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce in bar masa. Ta ce in kira matar nan in ce an hana ni a gida, ba wanda zai sani, shi ma ba sai ya sani ba, namiji ba ya son ya ji mace ce ta matsa masa ya zauna. Ta ce kafin azumi sai a tsayar da rana, kowa ya huta.

“In shi ya samu, gidanki zai kawo,” in ji ta. “In ke kika samu, gidan wa za ki kai?”

Inna ba muguwa ba ce, ku fahimce ni. Ƙarƙashin gadonta cike yake da tukwane da kwanukan da ta daɗe tana tara min, duk a naɗe cikin tsofaffin zannuwa. In an je biki aka tambaye ta yaushe za a sha na Rufaida, dariya take yi ta ce lokaci, ta dawo gida ta kwanta da ciwon kai. 'Ya ɗaya ta dawo mata, ɗaya ta ƙi tafiya. Da me za ta ji?

Yaya Hasana tana ɗaki tana yi wa 'yarta kitso, duk ta ji mu. Da na shiga na zauna a bakin katifa, ta ci gaba da kitsonta. Sai da na ce, “Yaya, ba ki ce komai ba.” Ta ce ita da ta bi shawarar kowa ga ta nan, wace shawara gare ta? Ta gama layin da take kitsawa, ta shafa wa yarinyar mai, sannan ta ce:

“Ki karɓa ko ki bari, wannan naki ne. Amma kada ki yi a ɓoye. Ki gaya masa gaskiya, kuma in kina gaya masa ki kalli fuskarsa.”

Ranar Asabar bayan la'asar Mujitaba ya zo. Na yi wanka na sa leshi mai ruwan zuma wanda ya taɓa cewa yana yi min kyau, na yafa farin mayafi, na ɗan shafa humra. Na daɗe a gaban madubi ina gyara ɗaurin da ba abin da ya same shi. Na kai masa tabarma zaure da jug ɗin zoɓo mai sanyi. Shaddar intabiyun nan ce a jikinsa, an wanke an goge. Ya kawo min yankakken rake a leda. Muna gaisawa yana leƙa wayarsa, ya ce shiru har yanzu, amma kamfanoni haka suke, sai sun ja wa mutum rai.

Na ce, “Malam, sun kira ni.”

Haka nake kiran sa tun zamanin koyo, bakina bai taɓa iya kama sunansa a gabansa ba.

Ya ɗago. Na yi yadda Yaya ta ce, na kalli fuskarsa. Da farko murmushin bai tafi ba, ya tsaya ne kawai a wurin kamar an manta da shi. Sai ya ajiye kofin a hankali. Ya ce masha Allah. Ya sake cewa masha Allah. Sannan ya tambaye ni yadda na yi da matsalar ɗaukewar sabis. Na ce cinikin yana fara zama a cikin wayar mai shago, in sabis ya dawo sai ya tafi rumbu, kuma kowane ciniki da lambarsa don kada ya shiga sau biyu. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma haka ya yi.

“To me ya raba?”

“Django,” na ce.

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da sauti, ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

Da na tsaya a nan, da wataƙila labarin ya canja. Amma na riga na ɗauki alkawarin ba ɓoye-ɓoye. Na gaya masa shi ne na biyu, na gaya masa zancen Litinin, har abin da Inna ta ce ban rage ba. Ya juya yana kallon ƙofar zaure, inda wasu awaki suke cin ɓawon masara.

“Ba zan ce ki bari ba, Injiniya,” ya ce.

Na jira ragowar. Ina jira ya ce ki karɓa, haƙƙinki ne, Allah zai kawo nawa. Da ya faɗi haka, ina jin a take zan ce na bar masa, da zuciya ɗaya. Bai faɗa ba. Sai ya shiga ba ni labarin Kawu Bala yana so ya mayar da shagon na kayan masarufi bayan kaka, da yadda mahaifiyarsa take tambayarsa kullum ko sai ta mutu zai kawo mata suruka, da cewa ƙannensa biyu sun riga shi aure. Ba roƙo yake ba. Yana dai ajiye min su ne ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Kafin a kira magariba ya tashi, ya ce in gaida su Inna. Zoɓon ko rabi bai sha ba.

Washegari Baba ya dawo daga gona ya aika a kira ni. Na same shi a ƙofar turaka yana wanke ƙafa da buta, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce Inna ta gaya masa. Ya yi min addu'a, ya ce bai san kan wannan aikin namu ba, amma ya san ba a ɗaukar mutum a birni don kyan fuskar ubansa. Ya ce in na karɓa, Goggo tana nan a Kano, a wajenta zan zauna.

Na tattaro ƙarfin hali na ce, “Baba, in ina da albashi, ba za a iya sassauta maganar ba?”

Ya goge ƙafarsa, sannan ya amsa.

“Albashinki naki ne, Rufaida. Ciyarwa a wuyansa take, kuma ba ni na ɗora masa ba. Sharaɗin a kansa na sa, ba a kanki ba. Ban ce ki bari ba, ban ce ki karɓa ba. Ki yi istihara.”

Kun ji fa. Kowa bai ce ba. Inna ce kaɗai ta fito ta faɗi abin da take so, shi ya sa ma ban iya jin haushinta ba.

Da yamma na jona kwamfutar na buɗe aikin gwajin nawa, ina ta hawa da sauka a cikinsa ba tare da na taɓa komai ba. Na ga wurin da na kwana biyu ina fama kafin ya yi aiki, na tuna ihun da na yi har Inna ta zaci kunama ce. Ina son aikin nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Ina son in zauna cikin mutanen da in na yi tambaya za su gane me nake nufi, in ga abin da na rubuta yana aiki a shagon wani mai taki a Doguwa wanda bai san da ni a duniya ba. Amma kwamfutar da take kan cinyata ta Mujitaba ce. Ranar farko da na rubuta layin da ya ƙi aiki, shi ya zauna yana nema har ya gano alamar da na manta, bai ce min komai ba sai “kowa da haka ya fara.” Ya girme ni da shekara bakwai. Ni in na rasa wannan, ina da lokaci, kuma Django ba za ta gudu daga kaina ba. Shi in ya rasa, shago zai koma na sayar da taliya, ni kuma in ci gaba da zama a gida ana tambayar Inna a wajen biki.

Na yi istihara. Ban yi mafarkin komai ba, amma na tashi da asuba zuciyata ta kwanta a kan abu ɗaya: zan bar masa. Ba a ɓoye ba, ba kuma don Inna ta ce ba. Tun daren Mujitaba ya turo saƙo yana tambayar ya nake, na ce lafiya, gobe zan kira su. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Ban gaya masa abin da na yanke ba, don a lokacin ban gama yankewa ba, da safe kuma na ce bari sai na gama, in kira shi in ji muryarsa lokacin da zai ji.

Da hantsin Litinin na zura hijabi na fita bayan gida, wajen katangar firamare, inda sabis ya fi ƙarfi kuma ba kunnen kowa. Yara suna ta karatu da ƙarfi a aji. Na maimaita maganar a bakina: na gode ƙwarai, amma wani uzuri ya taso, ku ba ɗayan, wallahi ya cancanta. Na danna kira.

Tana ɗauka ta ce, “Yauwa Rufaida, dama ke nake shirin nema.”

Muka gaisa. Na buɗe baki zan fara, ta riga ni.

“Ɗazu da safe ɗayan ya kira ni, Mujitaba. Ya ce shi ne zai aure ki, kun zauna kun yi magana, kin bar masa gurbin, kunya ce ta hana ki kira. Na ce masa ba ma aiki da saƙo, sai mun ji daga bakinki.”

Ban san lokacin da na jingina da katangar ba. Siminti ya ɗau zafi, ina jin sa ta cikin hijabi. Na ce mata da ƙarfe nawa ya kira, kamar wannan ne abin da ya dame ni. Ta ce tana shiga ofis.

Abin da nake ɗauke da shi zan kai masa da hannuna, bai iya jira ba. Na yi ƙoƙarin in ji haushi, haushin bai zo ba tukuna. Abin da ya zo min shi ne fuskarsa a zaure, yana duba cikin hularsa. Na san tsoro ne ya sa shi. Na san bai yi barci ba. Na kuma san ya buɗe baki ya yi magana da sunana a wurin da ba na nan, ya faɗi abin da ban faɗa ba, kuma da matar nan ta yarda da shi ke nan, sai dai in ji labari.

“Kina ji na?” in ji Zainab. “Gaskiya ne kin bar masa?”

Maganar da na haddace tana nan a kan harshena, ba abin da ya goge daga cikinta.

Na ce, “A'a. Ina zuwa. Yaushe zan fara?”

Ta ce farkon wata, za ta turo min takarda. Ta ce Allah ya sa albarka, ta kashe.

Na tsaya a wurin da waya a hannu. Ban san me zan ce wa Inna ba. Ban san ko abin da na yi yanke shawara ne ko rama mari ba, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan ban gama sani ba. Ina cikin haka wayar ta yi ƙara. Saƙo ne daga Mujitaba.

“Injiniya, don Allah kada ki kira su tukuna. Akwai abin da na yi, ina so ki ji daga bakina. Ina hanya.”

Na duba lokacin da ya turo. Ina kan waya da Zainab ya turo shi, sai yanzu ya iso.

Na ɗaga kai. Daga hanyar Kwana wani babur ya karyo, Mujitaba ne a kai ba hula, yana ta waige-waige wajen ƙofar gidanmu. Bai gan ni ba tukuna. Na sa wayar a cikin hijabi, na taka zuwa bakin hanya inda zai gan ni, na tsaya.